Ƙwayoyin Inna Uku, da Wadda Na Shanye

Kafin ku yanke mani hukunci, ku bari in kai ƙarshe. Na san cikinku akwai masu saurin cewa Allah wadai. Ku ɗan riƙe shi a baki, ni da kaina zan nuna maku inda za ku faɗe shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bara'atu, a Goronyo nake tare da Innata Fatsuma mai suyar kifi. In kun taɓa tsayawa tasharmu kunka sayi kifi mai yaji naɗe a takarda, mai yiwuwa hannunta kunka ci. Mahaifina ya rasu shekara shida ke nan. Ya bar muna gida, ya kuma bar muna ƙanwarshi Gwaggo Sharifa, wadda katanga ɗaya ta raba mu da ita. Katangar ma ta gaji da aikin, rabinta ya zube, Gwaggo ta nan take shigowa.

Bayan Sallar layya anka gano Inna na da ciwon daji a nono. Likita a Sakkwato ya ce ƙarin ruwa shida za a yi mata, duk bayan sati uku, shi ne suke ce ma kemo. Ruwan ja ne jawur. Ranar farko Inna ta ɗaga kai ta kalle shi yana ɗiga, ta ce ma nas ɗin, "Ɗiyata, zoɓon ga kin sa mashi sukari kuwa?" Duk ɗakin anka yi dariya. Da munka dawo gida dariya ta ƙare. Kwana uku tana amai, ko ruwan randa bai zama mata. Akwai wata shuɗiyar roba da muke wanke kifi a ciki, ita ta koma gefen katifarta. Tun daga ranar, ko mai tallan zoɓo ta gitta ƙofar gida sai zuciyar Inna ta tashi.

A asibitin nan na haɗu da Abdulgafar. Ɗan Wurno ne, shi ke miƙo magani ta wata 'yar taga mai ƙarfe. Maganar farko da ya yi mani ba ta soyayya ba ce. Cewa ya yi, "Maimaita mani yadda za a sha." Ni kuwa hankalina na kan yatsunshi, dogaye masu tsabta, sai na maimaita a juye. Ya sake faɗa, na sake juyawa. Ya rubuta lambarshi bayan takarda ya ce in na rikice in tambaya. Na rikice a daren nan, na rikice washegari, kafin sati biyu mun bar maganar magani mun koma wadda kuka sani.

Da za a yi ƙarin ruwa na biyu, na ba shi labarin aman. Ya shiga ya yi magana da likita, anka rubuta muna ƙwayoyi iri uku na zuwa gida. Ya zana rana a jikin leda biyu, ya zana wata a jikin ɗaya, don kar in sake juyawa.

Muna isa gida Gwaggo ta karɓe ledojin. Ita fa duk abin da ya shigo gidanmu sai ya bi ta hannunta, ko allura ce. Ta yafa mayafi ta yi wajen wani mai kemis a kasuwa, ta dawo ta shimfiɗa zane a tsakar gida, ta kira ni kamar mai shirin raba gado.

"Wanga na hwarko," ta ɗaga leda, "mai kemis yac ce maganin amai na. Shi mun yarda da shi. In amai ya zo sai a ba ta."

"Gwaggo, Abdulgafar cewa ya yi a sha tun aman bai zo ba."

"Wa kika taɓa gani ya sha maganin ciwon da bai same shi ba? Kiran ciwo na wannan."

Ta ɗaga ta biyu, ta yi murmushi. "Wanga ko bai hwaɗa mani ba na san shi. Sha-ka-hwashe na, wanda mata ke sha su yi kumatu. Mi uwarki za ta yi da kumatu? Gidan wa za a kai ta?" Tana maganar tana kallon ƙashin wuyana.

Ta uku sai da ta waiga hagu da dama, ta sauke murya. "Wanga maganin masu taɓin hankali na, Bara'atu. Yaron ga ya ji uwarki na neman sukari cikin ƙarin ruwa, ya ɗauka ta taɓu. In masu dubiya sunka gan shi bisa taga, kahin la'asar labari ya kai Wurno. Wa zai ɗauki ɗiyar gidan? Za mu nuna mashi lahiyarta lau ba da maganinshi ba."

Ta ƙulle wannan a bakin zane. Ta biyun kuwa ta danna mani a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai. Ƙwaya shida ne ƙanana.

To ga wurin da na ce maku. Wayata na hannuna, lambar Abdulgafar na sama. Sau uku na rubuta mashi tambaya, sau uku na goge. Kunya nake ji ya san mun kai maganinshi kasuwa an duba, kuma can ƙasan raina ina tsoron kar maganar Gwaggo ta zama gaskiya, ya zamana kallon taɓaɓɓiya yake ma uwata. Inna ta yi kwana huɗu rungume da shuɗiyar roba. Sai amai ya taso Gwaggo ke ba ta ƙwayar farko, ƙwayar kuwa ta biyo aman ta dawo ko narkewa ba ta yi ba. Duk kwanakin nan ƙwaya shida na cikin jakata, ƙarƙashin hoda. Ku faɗa yanzu, na ba ku izini.

Ban tsaya nan ba. Kwana goma da dawowarmu daga Sakkwato Abdulgafar ya turo cewa yayyenshi mata biyu na son zuwa su gan ni. Na tsaya gaban madubi. Ramin ƙashin wuyana kaza na iya shan ruwa a ciki. Washegari da safe na haɗiye ɗaya, na ci gaba kullum ɗaya.

Kumatu dai ban gani ba. Abin da na gani yunwa ce irin wadda ban taɓa sani ba. In gama cin tuwo in koma in kankare tukunya. Barci ya yi ƙaura daga idona, ƙirjina na zafi, ga ƙuraje uku sun jeru mani a goshi kamar an aiko su gaisuwa. Gwaggo kullum sai ta kama haɓata ta juya fuskata ta ce, "Suna tahe. Na ga alama ta hagu."

Ita kuwa Inna ta yi shiru, shirun da ya fi aman ba ni tsoro. Wata safiya ta ce in ɗauki babban kaskonta na suya in kai ma maƙwabciyarmu. Kaskon nan ya girme ni. Na ce aro za a ba ta? Ta ce kyauta.

"Ban komawa Sakkwato," ta ce, fuskarta na kallon bango. "Ciwon bai taɓa sa ni amai ba, maganin yas sa ni. A bar ni da ciwona, mun saba."

Na yi kuka, na yi roƙo. Gwaggo ta yi faɗa, ta kawo ayoyi, ta kawo sunayen matattu da rayayyu. Inna ko juyowa ba ta yi ba. Saura ƙarin ruwa huɗu cikin shida, kuma likita ya ce in anka tsaya a hanya ciwon ba ya jira.

Ranar Laraba saƙon Abdulgafar ya shigo.

*Alhamis mai zuwa ce ranar Inna. Ku fito da wuri.*

*Ta ce ba ta zuwa.*

*Ta yi amai ne?*

*Kwana huɗu.*

*Da duka ukun?*

Na daɗe ina kallon kalmomin nan. Daga ƙarshe na tura mashi hoton fure.

*Ina zuwa Asabar bayan la'asar,* ya rubuto. *Ki ajiye mani ledojin.*

Ranar Asabar na haɗiye ta shida da safe, don kar a same ni da shaida. Na sa koriyar atamfata mai ganyen rawaya, na yafa mayafi ruwan toka na jawo shi har gira, na bi ƙurajen da hoda har sau uku. Ya iso a babur, farar shadda da hula ruwan ƙasa, ya zauna kan tabarma a zaure. Na kawo mashi ruwa da faranti cike da dabino da soyayyar gyaɗa. Munka gaisa, ya tambayi jikin Inna, yana magana ina amsawa. Ban ankara ba sai na ga idonshi kan farantin. Saura dabino biyu, kuma shi bai taɓa ko ɗaya ba.

Ya kalli farantin, ya kalli goshina.

"Kina samun barci kuwa kwanan nan?"

"Sosai."

"Ƙirji fa, ba ya zafi?"

Na ƙara jawo mayafi kan goshina.

"Bara'atu, ina leda ta biyu mai hoton rana?"

Na so in ce ɓera. Wallahi har bakina ya haɗa kalmar. Sai na tuna kaskon Inna a gidan mutane, na rufe fuska da mayafi na faɗa mashi komai, tun daga zanen da Gwaggo ta shimfiɗa har ƙwayar safiyar ranar. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, wanda ya fi mani ciwo.

"Wannan maganin ba abin wasa ba ne," ya ce. "Masu shan shi don jiki, kumburi suke samu, daga baya ga hawan jini ga ciwon suga. Kar ki ƙara. Kuma ni wa ya ce maki kumatu nake nema? Da su nake so ai akwai su a Wurno."

Kafin in sami amsa sai munka ji tari. Na manta ɗakin Inna bango ɗaya ne da zaure, kuma akwai 'yar kafa a sama da iska ke bi.

"Sharihwa," muryar Inna ta fito. Gwaggo, wadda ashe tana laɓe bayan ƙyaure, ta amsa tun kafin a rufe baki. "A shigo da wanga yaro."

Kun san dai a wurinmu uwa ba ta zama ta yi hira da mai neman ɗiyarta. A asibiti ma in munka zo tagar magani, Inna juya baya take tana karanta bango. Don haka anka ajiye mashi kujera 'yar tsuguno a ƙofar ɗakinta, anka saki asabari, Gwaggo ta zauna a tsakiya ta zama mai isar da saƙo, duk da taku biyu ne tsakaninsu. Ni ina rakuɓe jikin randa.

"Tambaye shi," in ji Inna, "cikin ukun wane yah hi? In sha shi ɗaya in huta."

"Tac ce wane yah hi."

Abdulgafar ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, a ce ma Inna, babu wanda ke isa shi kaɗai ga irin ruwan da ake sa mata. In gonar albasa na da kafa uku a shinge, anka tsare ɗaya, awaki ta biyun za su shiga. Kuma tsaron tun ba su iso ba ake yi. In anka bari sunka shiga, an koma kora, albasa kuwa ta riga ta tafi."

Gwaggo ta juya ga asabari. "Yac ce duk suna da kyau."

"Na ji abin da yac ce, Sharihwa, kunnena ba shi da daji. Ce mashi ni mai kihi ce, ban taɓa sayen wanda ban san ƙayarshi ba. Ya hwaɗa mani ƙayar kowane."

Nan fa ya zage. Ya ce na farko sunanshi ondansitiron, shi ya fi ƙarfi a ranar farko, ƙayarshi ita ce yana ɗaure ciki, wani lokaci da ciwon kai, sai a yawaita ruwa. Na biyu deksa suke ce mashi, shi ke ƙara ma na farko ƙarfi ya kuma tare aman da ke biyowa bayan kwana biyu ko uku. Da safe ake shan shi da abinci, kwana kaɗan kawai, don yana hana barci yana sa cin abinci.

"Wannan na gani da idona," in ji Inna. "Tukunyata ta shaida."

Na ƙara shigewa bayan randa.

"Na ukun fa? Wanda anka ce na taɓu?"

Gwaggo ba ta isar da wannan ba, ta dai gyara ɗaurin zane.

"Olanzafin," ya ce. "Mai kemis bai yi ƙarya ba, ana ba masu larurar ƙwaƙwalwa shi. Amma ɗan kaɗan daga cikinshi an gano yana kwantar da tashin zuciya, irin wanda mutum bai yi amai ba amma ko ƙamshin miya ba ya so. Kamar kanwa ce, ana ba dabba, ana sa wa a miya, ba wanda ya ce mai miya ya zama akuya. Ƙayarshi barci, shi ya sa nake zana wata. Ni kuwa ranar da Inna ta tambayi sukari, ban ga mai hankali kamarta a ɗakin ba. Kowa tsoro yake ji, ita ta sa anka yi dariya."

Inna ta ce, "Sharihwa, tambayi Sharihwa ina tak kai shi."

Gwaggo ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ta kwance bakin zane. Ledar ta yi laushi, ta yi ja da goro. Ta ajiye ta gaban asabari ta ce, "Ni mutuncin gida nika tsarewa."

"Kin tsare. Saura kaɗan ki tsare shi babu mai gidan." Inna ta numfasa. "Ce ma yaron ga, in na sha duka ukun yadda yac ce, ya yi mani alkawarin ba ni amai?"

Na zuba mashi ido ina roƙon ya ce e. Kalma ɗaya ce fa.

"A'a," ya ce. "Ba ni da wannan alkawarin. Da yawa ba su yi, wasu suna yi kaɗan. In ta yi, sai mu koma ga likita, akwai wani na huɗu da ba ko'ina ake samu ba, akwai kuma canji. Abin da na sani, ba a gwada mata ukun ba tukuna."

Na ce shi ke nan, ya kashe mu. Sai na ji Inna ta yi 'yar dariya, ta farko cikin sati uku.

"Da ya yi alkawari da ban zuwa. Mai kihin da yac ce nashi ba ƙaya, ruɓaɓɓe yaka sai da wa. To za ni. Amma a hwaɗa mashi sharaɗina. Kwana nawa aman ke bin mutum?"

"Har biyar yakan kai."

"To kwana biyar. In na wuce su ban nemi roba ba, ya turo manyanshi, ba sai yayye sun zo duba wuyan kowa ba. In na yi ko sau ɗaya, ya manta hanyar Goronyo."

"Inna, ai ya ce ba a hannunshi yake ba," na faɗa daga bayan randa.

"Ke mai kumatu, da ke anka yi magana?"

Abdulgafar ya ce ya amince. A zaure, yana ɗaura hular kwano, na ce mashi don mi zai yarda da abin da bai da iko a kai.

"Ta ce za ta je," ya ce. "Shi na zo nema. Sauran kuma, kin ga yanzu ke ma kina da dalilin ba ta a kan lokaci."

Ranar Alhamis munka je, anka sa jan ruwa, anka rubuta sababbin ƙwayoyi. Wannan karon ledojin a wuyana suke cikin 'yar jaka, ko wanka da su nake shiga. Na sa ƙararrawa a waya. Gwaggo kuwa ta juye ta zama soja. Ta kori mai tallan zoɓo tun daga bakin layi, ta hana a soya albasa a gidaje uku, in lokaci ya yi ita ke tsaye da kofin ruwa tana cewa, "Ni dama tun hwarko nac ce a bi maganar yaron."

Ranar farko Inna ta yi barci. Rana ta biyu ta yi barci, ta tashi ta sha kunu rabin kofi, ta yi ƙorafin cikinta ya ɗaure. Saƙonshi kuwa duk bayan sallah: *Lafiya?* Ni kuma: *Lafiya.* Ba mu taɓa hira mai daɗin wannan ba.

Yau da hantsi ina shanya sai na ji muryarta.

"Bara'atu, kawo mani roba."

Zanen da ke hannuna ya faɗi a ƙasa. Gwaggo ta tsallako katanga da ƙullun tuwo a hannu. Na ɗauko shuɗiyar roba, na ɗaga asabari. Inna na zaune, ta ɗaura kallabi, tana kallona.

"Mi kike kallo? Zuba ruwa in wanke hannu. A dama mani hura, kuma in akwai sauran tuwon jiya a ɗumama." Ta miƙa hannu cikin robar. "In kin gama ki je ki karɓo mani kaskona. Ki ce aro na ba ta, ita ta ji ba daidai ba."

Na fita tsakar gida na zauna a ƙasa na yi kuka son raina, sannan na jawo waya na rubuta mashi: *Ta ci tuwo. Ta ce a karɓo kasko.*

Yana cikin rubuta amsa Inna ta ɗago murya daga ɗaki, bakinta cike.

"Ki ce mashi kar ya sayi goro tukuna. Biyar munka yi da shi, yau uku."